Bututun Bindigar Maharba: Daga Zamanin Kumbari Zuwa Gonakin Kadawa

Idan ka taɓa tsayawa kallon hawan Sallah a Kano, ka san ƙarar bindigar toka da hayaƙin da take barin mutum a ciki. Wataƙila kuma ka taɓa ganin maharbi rataye da irinta a bakin kanal, wajen Kura ko Bunkure. To ka taɓa leƙa cikin bututunta? Sumul yake, kamar bututun ruwa. Bindigar soja kuwa cikinta akwai tsaga da ta murɗa tun daga gindi har baki. Wannan ɗan bambancin shi ke yanke nisan da harsashi zai je da inda zai sauka. Kuma sumul ɗin nan namu yana da tarihi, har da sa hannun sarakunan Turai a ciki.

Yadda bindiga ta iso Kano

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) aka kawo garkuwa da bindigogi daga Nupe. Ya kuma ce Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne sarkin da ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaronsa. Barno ta riga mu, don tun ƙarni na 16 Mai Idris Aloma yake da 'yan bindiga da Turkawa suka horar.

Bindigogin da suka biyo ta Nupe daga bakin teku suka hauro. Turawa suna kiran irinsu bindigar mutanen Danmak, saboda fataken Danmak da suka yi ciniki a gaɓar Gana ta yau, duk da cewa da yawansu a Birmingham ta Ingila aka ƙera su. Doguwa ce, ta baki ake ɗura mata albarushi da dalma, a tura da sanda, sannan dutsen ƙyastu ya ba da tartsatsi. Harbi ɗaya take yi. Kafin ka sake ɗuri, abin da ka harba ya tsere ko ya taso maka. Ka ga inda sunan harba-ka-ruga ya samo asali kenan.

Me tsagar take yi?

Ka tuna katantanwar da yara ke murzawa a ƙasa. Muddin tana juyi, tsaye take. Juyin na ƙarewa sai ta kife. Haka harsashi yake. Tsagar da ke cikin bututu tana murza shi yayin fita, sai ya tafi da kansa a gaba ba tare da tangal-tangal ba.

A bututu mai sumul kuwa, dole ƙwallon dalma ya ɗan fi ramin ƙanƙanta, in ba haka ba ba zai shiga ta baki ba. Idan albarushi ya kama, ƙwallon yana fita yana gugar bango nan da can, gefen da ya taɓa na ƙarshe shi ke ba shi juyin da babu wanda ya zaɓa. Shi ya sa bayan kamar mita 50 saiti ya fara zama sa'a. Maharban da suka san aikinsu ba su dogara da nisa. Sanɗa suke yi, su bi ta inda iska ba za ta kai ƙanshinsu ba, su matso dab. Sau da yawa ma ƙananan dalma masu yawa suke zubawa don su bazu.

Maƙeran ƙasashen Jamus sun san dabarar tsaga tun wajen 1500, sai dai ɗura irin wannan bindiga ta baki akwai wahala. A 1849 wani hafsan Faransa, Claude-Étienne Minié, ya fito da harsashi mai rami a gindi, wanda ke shiga cikin sauƙi sannan ya buɗe ya kama tsagar idan an harba. Daga nan rundunonin Turai suka koma bindiga mai tsaga, tsofaffin kuma aka yi ta turo su kasuwannin Afirka.

A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a Brussels. Ta taƙaita sayar da bindigogi masu tsaga a babban yankin Afirka da ya haɗa da ƙasar Hausa, amma ta bar ƙofa a buɗe ga mai ƙyastu marar tsaga da albarushin kasuwa. Sun ce don yaƙi da cinikin bayi ne. Sakamakon dai ya bayyana ranar 3 ga Fabrairun 1903, lokacin da Kanar Morland ya iso ganuwar Kano da igwa da bindiga mai ruwa. Har dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta gaji wannan rabon: ta ware bindigogin da ake ɗurawa ta baki marasa tsaga a rukuninsu daban, ta kuma ba hukuma ikon wajabta musu lasisi.

Abin da Amurkawa suka yi da bututu mai sumul

Bari mu leƙa wani wuri mai kama da namu ta fuska ɗaya. Jihohin Amurka irin su Ohio, Illinois da Iowa shimfiɗaɗɗun gonaki ne da gidaje a warwatse. Harsashin babbar bindiga mai tsaga yana iya wuce kilomita 3 idan bai sami abin da zai tare shi ba. Saboda haka shekaru da yawa dokarsu ta hana farautar barewar can da irin wannan bindiga, ta ce sai dai bindigar harbin tsuntsaye da dunƙulallen harsashi guda, wanda ke faɗuwa da wuri. A 'yan shekarun nan ne suka ɗan sassauta. Af, barewar tasu ba irin tamu ba ce: tasu tana zubar da ƙaho duk shekara ta fitar da sabo, tamu kuwa dangin gada da gwanki ce, ƙahonta na har abada ne.

Wannan doka ta sa maƙera tunani. Wilhelm Brenneke a Jamus ya ƙera dunƙulallen harsashi a 1898, Karl Foster a Amurka ya yi nasa a 1931, mai nauyi a kai da rami a baya, don ya tafi a miƙe ko ba juyi. Da bututu mai sumul, irin wannan yana da amfani zuwa kamar mita 70. Daga baya aka yi wa bindigar tsuntsayen bututu mai tsaga, da siririn harsashi a cikin rigar roba da ke yaɓewa bayan fita, nisan ya kai wajen mita 150.

Sai a nan madubin saiti ya sami aiki. Maharbin can yana zaɓar mai ƙaramin ƙarfi, mai kusanto da abu sau 2 zuwa 7, don mai ƙarfi sosai yana ƙuntata abin da ido ke gani a gefe. Yana kuma neman wanda zai zauna kamar santimita 10 daga ido, saboda bindigar tana tokari da ƙarfi, madubin na iya fasa gira. Madubi dai ba ya gyara bututu. Ko ka ɗaura shi a kan bindigar toka, zai nuna maka dabbar tar, dalmar kuma ta tafi inda ta ga dama.

Dawo Kura da Bunkure

Gwamnatin Audu Bako ce ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka kammala a 1974. Daga can kanal ke kawo ruwa ga shirin noman rani na Kogin Kano, wanda aka fara gwajinsa a Kadawa, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are ke kula da shi. An tsara kashin farko a kan kadada kusan 22,000 a Kura, Bunkure da Garun Malam. Shinkafa, alkama da tumatir sun samu, jama'a sun ƙaru. Kurmi da saura kuwa, inda dabba ke fakewa, sun koma fala-falan gonaki. Abin da maharbi ke samu a nan yanzu bai wuce zomo, gafiya, fakara da tsuntsayen ruwa ba. Barewa mai jan goshi tana cikin jerin dabbobin da ƙungiyar IUCN ta ce suna cikin haɗari.

Sana'ar ba ta mutu ba, nisa ta ƙara. Maharba kan tafi dazukan kudu su yi watanni. A ƙarshen Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, aka tare wata mota da ta taso daga jihar Ribas, aka ga bindigogin toka, aka kashe matafiya 16 da ke hanyar zuwa gida Sallah. Da yawansu 'yan Torankawa ne ta Bunkure. Kayan aikin da kowa a ƙauyensu ya san na neman abinci ne, shi aka karanta a matsayin shaidar laifi.

A gida ma akwai abin lura, kuma kimiyya ce tsagwaronta. Filin noman rani shimfiɗe yake, ba tudun da zai tare harsashi, ga mutane a duƙe cikin shinkafa ba a ganinsu. Dalmar da ta bugi ruwa a kwance tana iya tsalle ta canza hanya, kamar yadda kake wurga faffaɗan dutse a tafki. Bututun da aka yanko daga na famfo ba a yi shi don matsin wuta ba, kuma idan aka zuba masa albarushin harsashin zamani, wanda matsinsa ya fi na baƙin albarushi nesa, yana iya tarwatsewa a hannun mai shi. Ita kanta dalmar guba ce. Ɓurɓushinta na zama a cikin nama, kuma babu adadin da likitoci suka ce ba ya cutar da ƙwaƙwalwar yaro.

Don haka idan akwai maharbi a gidanku, ka tambaye shi abu uku: da wane ƙarfe aka yi bututunsa, lasisinsa na nan da rai, kuma me ke bayan abin da yake saitawa. In kuma ya kawo nama, a yanke wajen da dalma ta ratsa a zubar kafin a ɗora tukunya.