Wasan Kwaikwayon Talabijin na Kanada a Gindin Kasuwar Amurka

Masu nazarin kafofin yaɗa labarai sun daɗe suna kafa hujja da Kanada idan ana maganar abin da ke samun wasan kwaikwayon talabijin na ƙasar da ta haɗa iyaka, ta kuma haɗa harshe, da maƙwabciyar da ta fi ta yawan jama'a da ƙarfin jari. Kanada tana da mutum kimanin miliyan 40, Amurka kuwa ta haura miliyan 330, sannan kusan kashi biyu cikin uku na 'yan Kanada suna zaune ne a yankin da bai fi kilomita 100 daga iyakar ƙasashen biyu ba. Wannan kusanci ya sa tun kafin gidan talabijin na gwamnati, wato CBC, ya fara watsa shirye-shirye a 1952, magidanta a Toronto sun riga sun kafa eriya a rufin gidajensu suna kamo tashoshin birnin Buffalo da ke tsallaken iyaka. Ke nan mai kallo ya saba da kayan baƙo kafin na gida ya fito. Hujjar wannan maƙala ita ce babbar kasuwa ba ta hana 'yan Kanada aiki ba, hasali ma ta ƙara musu shi. Abin da ta raba su da shi shi ne mallakar labarin da kuma ikon ɗaukaka jarumi a gida, kuma dokokin da aka yi don kare sana'ar sun fi mayar da hankali kan ƙirga 'yan ƙasa a bakin aiki fiye da waɗannan abubuwa biyu.

Tushen matsalar lissafi ne na kasuwanci, ba ƙarancin basira ba. Kamfanin Amurka da ya kashe miliyoyin daloli a kan sa'a ɗaya ta wasan kwaikwayo yana sa ran mayar da mafi yawan kuɗinsa a kasuwarsa ta gida, don haka duk abin da ya samu daga sayar da izinin nunawa a ƙasashen waje ƙari ne a kan uwar kuɗi, kuma yana iya sayarwa da rahusa ba tare da ya yi asara ba. Mai gidan talabijin a Toronto yana da zaɓi biyu a gabansa: ko ya sayi shirin da aka riga aka gama, wanda mujallu da tashoshin Amurka suka riga suka yi masa talla kyauta, ko kuma ya zuba ninkin wannan kuɗi sau da yawa a kan sabon shiri na gida wanda babu tabbacin zai karɓu. Ba sai an zargi irin wannan ɗan kasuwa da rashin kishin ƙasa ba kafin a gane abin da zai zaɓa. Shi ya sa kowace shekara a watan Mayu shugabannin tashoshi masu zaman kansu suke tafiya Los Angeles su kalli sababbin shirye-shirye, su yi ciniki, su dawo da abin da za su cika jadawalin dare da shi.

Gwamnati ta ga wannan tun da wuri. A 1968 aka kafa hukumar kula da rediyo da talabijin, CRTC, wadda a farkon shekarun 1970 ta tsaurara ƙa'idar kaso, wato tilasta wa kowace tasha ware wani ɓangare na lokacinta ga shirye-shiryen gida, har ya zamana rabin abin da tashoshi masu zaman kansu suke nunawa daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 12 na dare dole ya zama na Kanada. A takarda ƙa'idar tana da ƙarfi, amma tashoshi sun gano cewa labaran ƙarfe 6 da na ƙarfe 11 da wasannin motsa jiki suna cike musu kaso mai yawa a kan kuɗi kaɗan, sai su bar tsakiyar dare, lokacin da iyali suke zaune gaban akwati kuma talla ta fi tsada, ga wasannin Amurka.

Akwai wata dabarar da ta fi wannan tasiri, kodayake mai kallo bai cika lura da ita ba, ita ce musanyar sigina a lokaci guda. Bayaninta shi ne idan tashar Kanada ta sayi izinin wani shiri na Amurka, ta kuma nuna shi a daidai lokacin da tashar Amurka take nuna shi, to kamfanin da ke rarraba tashoshi ta waya ko ta tauraron ɗan'adam zai cire siginar Amurka ya ɗora ta Kanada a gurbinta, ta yadda ko wace tasha mai kallo ya murɗa, tallace-tallacen Kanada zai gani. Manufar ita ce kuɗin talla ya tsaya a gida, a yi amfani da wani sashe nasa wajen shirya wasannin gida. Sai dai farashin wannan dabara shi ne jadawalin tashar Kanada ya koma hannun wanda ya tsara jadawalin New York, domin duk daren da Amurka ta sa babban shirinta, dole maƙwabciya ta bi. Wasan gida kuma sai a tura shi inda ya rage, kamar daren Asabar ko lokacin hutun bazara da mutane suke waje, daga baya a ce ai bai samu masu kallo ba. Wannan hukunci ne da ba a yi masa adalci ba, tunda shirin da ba a ba shi tsayayyen lokaci ba ba zai taɓa zama al'adar gida ba.

A ɓangaren jarumai ne abin ya fi fitowa fili. William Shatner da Donald Sutherland da Michael J. Fox da Jim Carrey da Sandra Oh da Ryan Reynolds duk 'yan Kanada ne, kuma duk sai da suka tsallaka iyaka ko teku kafin sunansu ya kai inda ya kai. Lorne Michaels, wanda ya ƙirƙiro shirin barkwanci na Saturday Night Live a 1975, shi ma a CBC ya yi aiki kafin ya koma Amurka. Ɗan wasan Kanada mai jin Turanci ba ya bukatar sabon harshe, gyaran lafazi kaɗan ya ishe shi ya fito a matsayin ɗan Chicago, don haka ƙofar fita a buɗe take, kuma albashin can ba ya haɗuwa da na gida. Makarantun wasan kwaikwayo da tashoshin da ake riƙewa da kuɗin harajin talakan Kanada sun zama inuwar giginya, na nesa ne ke shan ta. Shirin Kim's Convenience, wanda CBC ta nuna daga 2016 zuwa 2021 a kan iyalin 'yan asalin Koriya masu ƙaramin shago a Toronto, shi ya fito da Simu Liu, kuma a shekarar da shirin ya ƙare aka gan shi a matsayin babban jarumin fim ɗin Shang-Chi na kamfanin Marvel. Babu laifi a kan ɗan wasan da ya bi inda rabonsa yake. Abin dubawa shi ne yadda jama'ar gida su ma suka koyi jiran tambarin waje kafin su yarda cewa nasu ya isa.

Shirin Schitt's Creek ya nuna wannan a sarari. Eugene Levy da ɗansa Dan Levy suka ƙirƙiro shi, aka fara nuna shi a CBC a 2015, ya yi shekaru yana da masu kallo daidai gwargwado, sai da Netflix ta ɗauke shi a 2017 sannan sunansa ya cika duniya, har ya lashe kyautar Emmy tara a 2020. An ɗauki yawancin hotunan garin da labarin yake faruwa a cikinsa a ƙauyen Goodwood da ke lardin Ontario, amma labarin bai damu da ya faɗi ƙasar da garin yake ba, kuma mai kallo a Ohio yana iya ɗaukarsa a matsayin garinsu. Wannan ɓoye wuri tsohuwar al'ada ce a wasannin Kanada da ake fatan sayarwa a Amurka, inda ake kauce wa nuna takardar kuɗi mai launi ko ambaton firaminista. Corner Gas, wanda aka nuna daga 2004 zuwa 2009, ya saɓa wa wannan al'ada, ya kafa labarinsa a wani gidan mai da ke lardin Saskatchewan ba tare da kunya ba, kuma ya samu karɓuwa sosai a gida, amma irinsa ba su da yawa.

Wanda ya ziyarci Toronto ko Vancouver zai iya cewa duk wannan kuka ne ba dalili, domin tituna cike suke da manyan motocin ɗaukar fim. Gaskiya ne, sai dai a tambaya na wane ne aikin. Tun daga 1997 gwamnatin tarayya take mayar wa kamfanonin waje wani kaso na albashin da suka biya ma'aikatan Kanada, larduna ma suna ƙara nasu, ga kuma dalar Kanada da ta fi ta Amurka araha. Sakamakon haka shi ne abin da ake kira aikin hidima, wato a ɗauki shirin a Kanada da ma'aikatan Kanada, amma marubuta da manyan jarumai da haƙƙin mallaka duk suna Los Angeles. An ɗauki Suits a Toronto, aka jera motocin haya masu launin rawaya a titi, aka sauya lambobin mota da akwatunan wasiƙa, birnin ya fito a matsayin New York. Mai haska fitila da mai ɗinki da direba sun samu abinci, ɗan wasan gida kuma ya samu fitowa a matsayin ɗan sanda ko likita mai jimla uku. Raunin wannan tsari yana bayyana duk lokacin da mai aikin ya sauya shawara: The X-Files ya yi zango biyar a Vancouver daga 1993, sannan aka kwashe shi zuwa Los Angeles a 1998, haka kuma yajin aikin marubuta da 'yan wasan Amurka na 2023 ya zaunar da dubban ma'aikatan Kanada a gida a kan rigimar da ba su da ƙuri'a a cikinta.

Tsohon ma'aunin da aka daɗe ana tantance shirin gida da shi ya ƙara dagula lamarin. Tsari ne na maki goma, inda darakta ɗan ƙasa yake kawo maki biyu, marubuci biyu, manyan jarumai biyu kowanne ɗaya, sauran kuma su fito daga mai ɗaukar hoto da mai tace shi da mai kiɗa da mai tsara dandali, kuma ana bukatar aƙalla shida tare da furodusa ɗan ƙasa. Ma'aunin bai tambayi abin da labarin ya ƙunsa ba. Saboda haka shirin da aka kafa a wani birnin Amurka na ƙage yana iya cin jarrabawar, alhali The Handmaid's Tale, wanda aka ciro daga littafin marubuciyar Kanada Margaret Atwood aka kuma ɗauka a Ontario, bai shiga lissafin ba tunda kamfanonin Amurka ne suka mallake shi.

Lardin Kebek, inda Faransanci ne harshen yau da kullum, shi ne ya fi taimakawa wajen gane inda cutar take, domin doka ɗaya ce da sauran ƙasar amma sakamakon ya bambanta. Mutanensa kimanin miliyan 9 ne kawai, duk da haka a 1995 wani kashi na shirin barkwanci La Petite Vie ya tara masu kallo fiye da miliyan 4, kuma tun daga La famille Plouffe a 1953 wasan kwaikwayo mai dogon zango ya zama ɓangaren rayuwar iyali. Ana fassara wasannin Amurka zuwa Faransanci ana nunawa, amma ba su kori na gida daga tsakiyar dare ba. Dalilin ya wuce harshe kaɗai, ko da yake harshen ne tushe: tunda ɗan wasan Montreal ba zai iya komawa Hollywood cikin sauƙi ba, kuma lafazinsa baƙo ne ko a Faransa, sai ya zauna, mujallu suka sa hotonsa a bango, shirye-shiryen hira na daren Lahadi suka gayyace shi, jama'a suka san aurensa da rabuwarsa. Wannan sanayya ita ce jarin da ke jawo mai kallo zuwa sabon shiri, kuma ita ce ɓangaren masu Turanci ya kasa tarawa domin duk wanda ya fara tashe sai ya tafi.

Mai karatu a ƙasar Hausa zai ga kama tsakanin wannan da halin da ake ciki a gida. Harshe ne ya sa Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina suka samu masu kallo nasu na kansu duk da girman masana'antar Legas, kuma jaruman da suka yi aiki a ɓangarorin biyu, irin su Ali Nuhu da Rahama Sadau, a gida suka fara yin suna kafin a neme su a kudu. Amma fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa ta nuna cewa katangar harshe tana da ƙofa, domin murya ɗaya a ɗakin naɗar sauti tana iya shigo da fim ɗin da aka kashe wa kuɗin da furodusan Kano bai taɓa riƙewa ba, a sayar da shi a farashin tura fim a waya.

Zuwan dandalan kallo ta intanet ya rushe ginshiƙin tsohon tsarin Kanada, tunda kaso na sa'o'i da musanyar sigina duk sun dogara ne da jadawali, Netflix kuwa ba ta da ƙarfe 8 na dare, kuma ko a Kebek matasa suna ƙaurace wa tashoshin iyayensu. Majalisar dokoki ta amsa da sabuwar doka a 2023 wadda ta shigar da waɗannan dandali ƙarƙashin ikon CRTC, a 2024 kuma hukumar ta umarci manyansu su riƙa ba da kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarsu na Kanada ga asusun tallafa wa shirye-shiryen gida, umarnin da kamfanonin suka garzaya kotu a kansa. Ko da kuɗin ya shigo cikakke, ba zai warware batun mallaka da kansa ba, domin dandalin da ya biya kuɗin shiri yakan nemi haƙƙin nuna shi a duk duniya na shekaru masu yawa, furodusan gida ya karɓi ladan aikinsa sau ɗaya, ribar da shirin zai ci gaba da kawowa kuma ta tafi inda haƙƙin ya tafi. Furodusan da bai mallaki shirinsa na baya ba ba shi da abin da zai jingina ya shirya na gaba, kuma ba shi da abin da zai riƙe jarumin da ya raina idan kira ya zo daga Los Angeles.