Daga Raƙuman Bilma Zuwa Kekunan Maroko

Tun daga 2006, kusan kowace shekara ɗaruruwan mahaya keke kan taru a kudancin Maroko domin gasar Titan Desert, wadda wasu 'yan ƙasar Sifaniya suka ƙirƙiro. Tafiya ce ta kimanin kilomita 600 cikin kwana shida, ta kan duwatsu da faƙo da tudun yashi. Wasu kan shiga su kaɗai, wasu kuma a ƙungiya. Keken da suke hawa, mai kaurin taya da giya barkatai, ɗan kwanan nan ne: a tsaunukan Kalifoniya aka fara harhaɗa irinsa a shekarun 1970, sai a 1981 aka soma ƙera shi da yawa domin kasuwa.

Gasar baƙuwa ce a kunnen mutumin Dambatta ko Kunci. Amma abubuwa biyu da ta ginu a kansu, wato yashi da tafiyar ayari, ya riga mahayan sanin su.

Ƙasar noman arewacin Kano, wadda masani Michael Mortimore ya yi suna wajen nazarin cunkoson jama'arta tun shekarun 1960, a kan rairayin da iska ta kwaso take zaune. Jigawar da ake shuka gero da gyaɗa a kanta ragowar tsohuwar hamada ce da ta lafa dubban shekaru da suka shuɗe. Duk manomin da ya taɓa ɗaure buhun gero a kariyar Raleigh ko Phoenix, ya bi burtali zuwa kasuwa da rani, ya san cewa tayar gaba ce ke fara nutsewa, kuma akwai wurin da sauka a tura ya fi jarumta amfani.

Batun ayari ya fi zurfi. Da kaka, Buzayen Abzin kan ɗora gero a kan raƙuma su ratsa Tenere zuwa Fachi da Bilma, su musanya shi da kantun gishiri da dabino. Daga nan su gangaro ta Damargu da Damagaram har ƙasar Kano, inda sukan yi rani. Raƙuman su ci abin da ya saura a gonaki bayan girbi, su bar taki. Manomi ya sami gishiri, Buzu ya koma da hatsi da baƙin turkuɗi. Irin wannan ayari ne Heinrich Barth ya biyo daga Abzin, ya ratso Katsina da Bichi, ya shiga Kano a watan Fabrairun 1851.

Shugaban tafiyar, a bakin Buzaye ma, madugu ne. A Tenere ba ya da alama sai rana da taurari da kwanciyar yashi. Ayari ba ya yada zango da rana. Tafe ake daga safe har dare ya raba, a ci a sha ana tafe, domin ruwan da ke cikin salka a ƙidaye yake da kwanakin da ke tsakanin rijiya da rijiya. A hanyar zuwa akan ajiye dammunan ciyawa a sarari, saboda raƙuma su sami abin ci a dawowa. Idan madugu ya kauce wa rijiya, ba shi kaɗai zai halaka ba. A nan ne kamar da ke tsakanin ayarin da gasar ta yi rauni. Mahayan Maroko na da na'urar nuna hanya, da tashoshin ruwa, da likitoci a bayansu. Ko da yake, don kada a rage musu haƙƙi, akwai zangon da ake hana su taimakon makanikai, kowa ya gyara kekensa da hannunsa.

Abin da ya karya hanyar arewa daga kudu ya fito. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya biyo baya, fatauci ya juya fuska zuwa Ikko, hanyar Tarabulus ta mutu. Keke ma ta wannan ƙofa ya shigo, ya zama abin da kuɗin gyaɗa ke saya wa saurayi, har daga baya kamfanin Raleigh ya kafa masana'antar harhaɗa kekuna a Kano. Ayarin gishiri ya fi jurewa, sai dai farin shekarun 1970 da na 1984 ya cinye raƙuma masu yawa, manyan motoci kuma suka karɓe kaso mai tsoka na dakon.

Masu wasa ma sun taɓa mallakar Tenere na ɗan lokaci. Tseren motoci na Paris-Dakar, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya sha ratsa Agadas, kafin matsalar tsaro a Muritaniya ta sa aka soke na 2008, aka kwashe shi zuwa Kudancin Amurka, sannan Saudiyya a 2020. Buzayen da suka rage a sana'ar kuwa har yanzu sukan ɗaure ciyawa da kaka su nufi Bilma.