Daga Littafin Unix Zuwa Ɗan Aiken da Ba Shi da Wurin Tambaya

A ranar 3 ga Nuwamba 1971 aka fitar da bugu na farko na littafin jagorar Unix a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke jihar New Jersey a Amurka. Ken Thompson da Dennis Ritchie ne suka rubuta shi, bayan shugaban sashensu, Doug McIlroy, ya nace a kan cewa sai an yi. Kowane umarni na manhajar ya samu bayaninsa a kan tsari guda: sunansa, yadda ake kiransa, abin da yake yi, saƙon da yake bayarwa idan aiki ya ƙi, sai kuma sashen da aka keɓe domin kurakuran da masu shi suka san yana da su. Daga ƙarshe akwai sunan mutumin da ke kula da shi.

Waɗannan sassa biyu na ƙarshe su ne suka fi ɗaukar hankali a yau. Na farko gaskiya ce ake faɗa wa mai karatu tun kafin ya faɗa rami. Na biyu kuma ya nuna cewa marubutan sun san takarda ba ta ƙare magana, don haka idan ta gaza, mai karatu zai tashi ya je ofishin wane ya tambaya.

Shekaru 28 bayan haka, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ga abin da ke faruwa idan takarda ta faɗi abu ɗaya, manhaja kuma ta yi wani. A ranar 23 ga Satumba 1999 kumbon Mars Climate Orbiter ya ɓace yayin da yake shirin fara kewaya duniyar Mars. Takardar da ta tsara yadda manhajoji biyu za su yi musayar bayanai ta ce a auna ƙarfin turi da ma'aunin mita. Amma manhajar da kamfanin Lockheed Martin ya samar tana fitar da alƙalumanta ne da ma'aunin fam, wanda kowane ɗayansa ya kai ninki 4.45 na wancan. Kumbon da aka so ya wuce a tazarar kusan kilomita 226 daga doron Mars sai ya sauka har kusan kilomita 57. Takardar ba ta yi kuskure ba. Abin da aka rasa shi ne wanda zai gwada ya tabbatar aikin ya bi rubutun.

Mataki na gaba shi ne rubuta bayani ta yadda kwamfuta ma za ta iya karantawa. A 2011 Tony Tam ya fito da Swagger, tsarin da ke zayyana abin da manhaja ke karɓa da abin da take mayarwa. A 2015 aka miƙa shi ga wata gamayya a ƙarƙashin gidauniyar Linux, inda daga baya ya koma OpenAPI. Sai dai bayanin da aka rubuta da kalmomi a cikinsa, mutum ne dai ake sa ran zai karanta.

Wannan ya sauya a watan Yunin 2023, lokacin da OpenAI ya ba ƙirƙirarriyar basirarsa damar kiran wasu manhajoji da kanta. A Nuwamban 2024 kuma Anthropic ya fitar da ƙa'idar MCP. A duka biyun, abin da ake miƙa wa wannan ɗan aike na kwamfuta abu uku ne: sunan kayan aikin, 'yan jimlolin bayani, da jerin abubuwan da za a cike. Daga nan yake yanke shawarar wanne zai ɗauka, kuma me zai zuba a ciki. Idan gurbi ya ce "adadi" kawai, bai fayyace ko dala ba ce ko santi, zai iya yin hasashe, a tura wa wani ninki ɗari na kuɗin da ake nufi. Ba shi da ofishin marubucin da zai je.

Saboda haka ma'aunin ingancin irin wannan bayani tsohon ma'auni ne, illa dai yanzu babu sassauci a cikinsa. Shin ya faɗi lokacin da ya dace a yi amfani da kayan, da lokacin da bai dace ba? Ya ambaci ma'auni da tsarin kwanan wata? Saƙon kuskurensa yana nuna yadda za a gyara? Ya bayyana ko aikin yana goge abin da ba ya dawowa? Hanyar tantancewa kuma ita ce wadda aka tsallake a 1999: a ba ɗan aiken ayyuka na gaske, a ƙirga sau nawa ya ɗauki kayan da bai dace ba ko ya cike gurbi ba daidai ba, a gyara rubutun, a sake gwadawa.

Littafin 1971 ya iya barin giɓi domin akwai suna a ƙasan shafi. Duk ma'aikatar da ke shirin damƙa wa irin wannan manhaja asusunta ko bayanan abokan hulɗarta, ya kamata ta fara da karanta waɗannan 'yan jimloli, ta tambayi wa ya gwada su.