Zoben ɗamara a wasan lemar teku: asalinsa, cinyewarsa da sauya shi

Zoben ɗamara shi ne mahaɗin mutum da lemarsa a wasan sululu kan teku da ƙarfin iska. Tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ba. Yana rataye a ƙarshen igiyar tsakiya, ƙarƙashin sandar tuƙi, ana maƙala shi a ƙugiyar ƙarfe da ke gaban ɗamarar da ɗan wasa ya ɗaura a ƙugu. Kusan duk jan da lema ke yi, daga nisan mita 20 zuwa 24, ta wannan ɗan zobe yake bi ya sauka a jikin mutum.

Lemomin farko ba su zo da shi ba. 'Yan'uwan nan biyu na Faransa, Bruno da Dominique Legaignoux, sun nemi rajistar lema mai hurawa a 1984, kuma a 1997 aka fara sayar da ita da sunan Wipika. Igiya biyu gare ta, don haka in iska ta ƙaru babu yadda za a rage mata ƙarfi, sai dai a jure ko a saki sanda. Da lema mai igiya huɗu ta bazu wajen shekarar 2000, sai igiyoyin gaba biyu suka haɗe a tsakiya suka ƙare da zobe, na baya kuma suka tsaya a bakunan sanda. Wanda ya maƙala zoben, in ya tura sanda gaba, lema ta zubar da iska. Tsofaffin hannu sun riƙa yi wa masu amfani da shi gorin tsoro, daga nan ya samo sunansa na Turanci, zoben matsorata. Ba a jima ba kowa ya koma kansa.

Sauƙin ya zo da haɗarinsa. Zoben wancan lokaci ba shi da mabuɗi. Mai son kuɓuta sai ya jawo sanda da ƙarfin damtse ya zare zoben daga ƙugiya, abin da ba ya yiwuwa ga wanda iska ke ja a kan rairayi. A watan Yuni na 2002, a wata gasa a Zingst da ke gaɓar tekun Baltik a Jamus, lemar Silke Gorldt ta sarƙe da ta wani ɗan wasa, lemomin biyu suka ja ta zuwa kan turakun katako na bakin gaɓa, ta rasu. Mutuwarta ta girgiza masu wasan a Turai, ta kuma matsa wa kamfanoni lamba su saka kunamar saki a kowace sanda.

Shekarun da suka biyo baya na ruɗani ne. Wani kamfani ya yi kunamar da ake jawowa, wani wadda ake turawa, wani kuma fil da ake fizgewa. Wasu sukan buɗe lafiya a cikin shago su cije a ƙarƙashin nauyi, ko in yashi ya shige su. Hukumar ƙa'idojin Faransa, AFNOR, ta fitar da mizani a 2005, sannan a 2020 aka samu na duniya, ISO 21853, wanda ke gwada ƙarfin da hannu ke buƙata kafin kunama ta buɗe. A hankali aka daidaita kan kunama ja mai siffar hannun riga da ake turawa nesa da jiki, kuma wannan daidaito ya ceci rayuka, domin mai aron sanda ba ya tsayawa tunani.

Sai dai sabon kaya ake gwadawa. Abin da rana da gishiri za su yi bayan shekara biyu, wannan yana wuyan mai sanda. Zoben igiyar Dyneema ce a cikin bututun robar foliyuretan; igiyar ke ɗaukar nauyi, bututun yana kare ta daga gugar ƙugiya yana kuma riƙe siffar zoben. Rana tana busar da robar har ta yi tauri ta tsage, galibi a gindin lanƙwasa inda ƙugiya ke zama. Da ta tsage, yashi ya samu hanya, ya shiga tsakanin zarurruka yana cin su daga ciki duk lokacin da aka ja aka saki. Nan ne mugun abin yake, domin daga waje zoben na iya zama kamar lafiyayye. Ƙugiyar da ta yi kaifi ko tsatsa tana gaggauta aikin. Haka kuma wurin da igiyar ta fito daga bututu ta kama fil na ƙarfe yakan yi gashi-gashi kafin ya tsinke, kuma mutane kaɗan ne ke leƙa shi.

Lalacewar iri biyu ce. Zoben da ya tsinke ko ya buɗe da kansa yakan saki mutum a tsakiyar tsalle ko nesa da gaɓa; in igiyar tsira da ke haɗa mutum da lema na nan, lema ta faɗi a kan igiya ɗaya, sai iyo. Wanda ya ƙi buɗewa, saboda gishiri ya daskare a cikinsa ko fil ya lanƙwashe, shi ya fi muni. Shi ya sa malaman wasan ke koyar da a harba kunama a mayar da ita kafin kowace shiga ruwa, a kuma wanke sanda da ruwan famfo bayan an fito, a shanya ta a inuwa.

Ba a ɗinke zoben da ya tsage, ba a naɗe shi da salatif. Sauya shi ake yi. Sabon dole ya kasance na kamfanin da ya ƙera kunamar, na samfurin da ya dace da ita, domin kaurin bakinsa na cikin lissafin buɗewarta, kuma zoben wani gida na iya shiga ya ƙi fita. Akwai ƙarami na yawon yau da kullum, da babba na masu zare ƙugiya a cikin salo, da mai bakin ƙarfe na masu ɗamarar igiya, wadda ke yanka zoben roba cikin ɗan lokaci. A tare ake duba ɗan sandan da ke hana zobe zamewa daga ƙugiya, da robar da ke mayar da kunama mazauninta, da igiyar tsakiya inda take ratsa sanda. Bayan an ɗaura sabo, sai a rataya masa nauyin jiki a kan tudu, a harba shi sau da yawa kafin a ɗaga lema.