Tarihin Kallon Faɗuwar Taurari a Jigawa da Kewaye

Faɗuwar tauraro ita ce hasken nan da kan tsaga sama da dare ya ɓace nan take. A haƙiƙa ɓarɓashin dutse ne daga sararin samaniya yake kutsowa cikin iskar duniya da gudun kilomita 11 zuwa 72 a daƙiƙa, sai ya ƙone. In dutsen babba ne yakan haske gari, ya yi rugugi, wani lokaci guntunsa ya iso ƙasa.

Masu kallo

A Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran ƙasar Hausa, makiyaya da masu gadin gona da masu kwana a tsakar gida lokacin bazara su suka fi ganin abin. Malamai kan danganta shi da jifan shaiɗanu da aka ambata a Suratul Mulk. Daga bakin irin waɗannan mutanen karkara masana suka samo labarin duwatsun da suka faɗo a arewa.

Duwatsun da aka tsinta

Ran 3 ga Oktoba 1962, wani manomi a Zagami ta ƙasar Katsina yana cikin gonarsa sai ya ji ƙara, dutse mai nauyin kilo 18 ya nutse a ƙasa dab da shi. Aka haƙo shi aka kai ofishin binciken ma'adinai na Kaduna. Daga baya aka gano iskar da ke maƙale a cikinsa irin ta duniyar Mars ce, kamar yadda kumbunan Viking suka auna a 1976.

Wasu duwatsun sun faɗo a Kabo ta Kano a 1971, da Gujba ta Yobe a 1984. A Jigawa kuwa, da almurun 21 ga Yuli 2002, mutanen Kilabo ta yankin Haɗeja sun ga dunƙulen wuta ya keta sama, ƙara ta biyo baya, aka kuma tattara kusan kilo 19. Wani ya sake faɗowa a yankin Maigatari a 2004.

Lokutan kallo

Taurari masu faɗuwa sukan yawaita wajen 12 ga Agusta, amma hadarin damina kan rufe su. Daren 13 ga Disamba, lokacin da suke sake yawaita, ya fi dacewa da mutanen kudancin Jigawa, muddin hazon hunturu bai yi kauri ba, kuma babu farin wata.