Daga Askar Wanzami zuwa Tambarin Kamfani

Wanda ya tsaya a Gaweye da hantsi, inda hanya ke gangarawa zuwa Gadar Kennedy, idonsa ba zai rasa abin karantawa ba. Allunan talla sun yi sahu a bakin titi, na kamfanonin salula da na bankuna da na madara, ga kuma motoci da ƴan kabu-kabu kowa da irin tambarin da ya manna. An buɗe gadar a 1970, babban otel ɗin da ke gefenta kuwa ya tashi a farkon shekarun 1980, lokacin da kuɗin uraniyom ke shigowa, ya kuma gaji sunan tsohuwar unguwar da ke bakin kogin tun Yamai tana ƙauye. Sai dai akwai wani rubutun da ya girmi allunan duka, ya girmi gadar, ya girmi shekarar 1926 da Faransawa suka mai da Yamai babban birni. Yana nan a kumatun dattawan da ke wucewa, kuma kullum masu iya karanta shi raguwa suke yi.

Ba nisa daga nan akwai unguwar Maourey, wadda sunanta ke tuna Arawa. A da, Ba'are ba ya buƙatar faɗin asalinsa, domin tsaga biyu da suka tashi daga gefen baki suka nufi kunne sun riga sun faɗa. Bagobiri na ɗauke da shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, sun bazu daga baki kamar gashin bakin kyanwa, abin da abokan wasansa ba su taɓa gajiya da yi masa tsiya a kai ba. Barebari na da dogayen zanensu na tsaye. Kabawa da Zamfarawa da Katsinawa da Daurawa kowa da nasa. Kasuwar da ta tara waɗannan mutane tamkar littafi ce a buɗe, kuma yaro na koyon karatunta tun kafin ya san baƙi da wasali.

Aikin na wanzami ne, kuma lokacinsa sananne ne. Ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, yakan zo da zabirarsa, ya aske gashin jariri, ya cire beli, sannan ya ja tsagar gidan, a shafa baƙin tukunya ko garin gawayi don ta fito sosai idan ta warke. Sana'a ce ta gado mai shugabanta, Sarkin Aska, kuma wanzami ba ya ƙaga zane daga kansa: abin da ke fuskar uba shi yake sa wa ɗa. Hausawa sun raba tsaga gida uku. Akwai ta gado, wadda ke nuna zuriya ko gari. Akwai ta magani, da ake yi wa yaro mai yawan ciwo ko wanda ƴan uwansa suka yi ta mutuwa gabaninsa. Akwai kuma ta ado, irin su bille da kalangu da fashin goshi, da jarfar da ƴan mata, musamman na Fulani, ke yi a gefen baki da haɓa. Ta ukun nan ce kaɗai mai jiki kan zaɓa da kansa, ita ce kuma ta fi kusa da abin da Turawa ke kira tatu. Wani jami'in Ingila mai suna A. J. N. Tremearne ya zana da yawa daga cikin waɗannan alamomi ya buga a 1911, yana ƙoƙarin haɗa kowane zane da garinsa.

Amfanin tsagar gado ya wuce ado nesa. A zamanin yaƙe-yaƙe da hare-haren kamun bayi, ita ce takardar shaida. Yaron da aka sace yana ƙarami zai iya mance harshen uwarsa, ya mance sunan ƙauyensu, amma wata rana wani fatake ya dubi kuncinsa ya ce masa, kai ɗan wuri kaza ne. A fagen fama tana hana mutum ya sari ɗan uwansa. A zaman lafiya kuma tana buɗe ƙofar raha, domin Bafulatani da ya hango zanen Barebari ko tsagar Arawa ya san ya samu wanda zai zolaya ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Wannan wasan taubasai ne UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014, ko da yake ba a cika tuna cewa fuska ce ke fara gabatar da taubashi ba. Muhimmin abu a nan shi ne, ba wanda aka biya don ya ɗauki tsaga. Wanzami ake sallama da hatsi ko kuɗi ko wani yanki na ragon suna. Saƙon da ke kuncin kuwa na mai kuncin ne da danginsa.

Cinikin bayi na tekun Atilantika shi ya fara juya wannan al'amari. Mutanen da aka kama a yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 aka gangara da su bakin teku, da yawansu sun ƙare a Bahiya ta ƙasar Birazil, inda Hausawa suka yi ta tayar da ƙayar baya a 1807 da 1809 da 1814. A can tsaga ta zama abin da dillali ke dubawa don ya sa farashi, ta kuma zama abin da ubangida ke kwatantawa a jarida idan bawa ya gudu: mai zane kaza a kunci, mai tabo kaza a goshi, wanda ya kamo shi yana da lada. Masanin Birazil Gilberto Freyre ya rubuta littafi guda a kan irin waɗannan sanarwoyi. Ke nan shigar tsagar Afirka shafin talla na farko ba ta yi wa masu ita daɗi ba, domin alamar da uwa ta yarda a yi don kada ɗanta ya ɓace ita ce aka yi amfani da ita don kada ya tsira.

Su kuma masu fataucin suna da nasu rubutun, wanda ba aska ke yin sa ba, ƙarfe ne ake sa wa a wuta. Kamfanin Ingila na Royal African Company yakan ɗana wa bayi haruffan sunansa a ƙirji ko kafaɗa kafin a loda su a jirgi. Dokar bayi ta Faransa, Code Noir ta 1685, ta ce bawan da ya gudu har wata guda a yanke masa kunnuwa a kuma buga masa furen sarautar Faransa a kafaɗa. A tsibirin Barbados har wata ƙungiyar mishan ta cocin Ingila ta taɓa buga kalmar da ke nufin ƙungiya a ƙirjin bayin gonarta. Makiyayin Sahel ya san wannan aiki sarai, amma a cinyar raƙumi da saniya ya san shi. Kalmar Ingilishi da ƴan kasuwa ke alfahari da ita a yau wajen nufin sunan haja da tambarinta, asalinta ƙuna ce, wato wannan lalas da ake yi wa dabba. A cikin hadisan da Muslim ya ruwaito akwai hani ga yin irin wannan alama a fuska ko da ta jaki ce, haka kuma Buhari da Muslim sun ruwaito hani ga jarfa. Wa'azin malamai a kan haka, tare da makarantar boko da asibiti da katin shaidar ɗan ƙasa, su suka taru suka rage wa tsaga ƙarfi a rabin ƙarshe na ƙarni na 20.

Abin mamaki shi ne, a daidai lokacin da fuskokin yaran Yamai da Maraɗi da Kano ke fitowa sumul, a wata nahiyar sai aka fara sayar da fata da awo. A ranar 29 ga Satumba 2001, ɗan damben Amurka Bernard Hopkins ya shiga fage a Madison Square Garden na birnin New York don karawa da Félix Trinidad, bayansa ɗauke da adireshin wani gidan caca na intanet, GoldenPalace.com, da tawada mai gogewa. An ba da labarin cewa dalar Amurka 100,000 aka biya shi. Hukumar wasanni ta jihar Nevada ta yi yunƙurin hana irin wannan a 2002, amma kotu ta goyi bayan ƴan damben. Daga nan kasuwa ta buɗe. A farkon 2005 wani saurayi ɗan shekara 20 a garin Omaha ya yi gwanjon goshinsa a eBay, wani kamfanin maganin minshari, SnoreStop, ya saye shi na kwana 30 a kan dala 37,375.

Waɗannan biyun sun wanke nasu sun ci kuɗinsu. Wadda labarinta ya fi tsaya wa mutane a rai wata mata ce a jihar Utah, wadda a watan Yunin wannan shekarar ta yarda a rubuta mata sunan gidan cacan nan a goshi, da allura, rubutun da ba ya fita, a kan dala 10,000. Mai karatu a Nijar, inda dala ke nufin tamma biyar, sai ya lura cewa ta Amurka ake magana: kuɗin ya ɗan haura miliyan biyar na sefa a canjin lokacin. Ta ce za ta sa ɗanta a makaranta mai kyau ne da su. An ce ma'aikatan shagon sun daɗe suna ba ta baki kafin su taɓa ta. Duk wanda ya san abin da uwa kan iya yi saboda karatun ɗa ba zai yi saurin yi mata dariya ba. Amma lissafin a fili yake: saurayin da ya iya ciniki ya karɓi kusan ninki huɗu na kuɗinta a kan wata ɗaya, ita kuwa da buƙata ta matsa ta ba da sauran rayuwarta. Masu kare wannan ciniki na cewa ai da yardar mai jiki aka yi, ba kamar jaririn da ke hannun wanzami ba, ba kuma kamar bawan da ke ɗaure ba. Gaskiya ne, kuma bambanci ne babba. Sai dai yardar da talauci ya tsaya a kanta yana jira tana da kama da yardar manomin da ya sayar da gero tun yana tsaye a gona.

Dabarar kanta ba sabuwa ba ce. Herodotus ya ba da labarin Histiyayus, wani mai mulki Bagirke da ya aske kan bawansa, ya rubuta saƙon tawaye a fatar, ya jira gashi ya tsiro, sannan ya aike shi, kimanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa. A 2008 kamfanin jiragen sama na Air New Zealand ya maimaita kusan haka, ya sa mutane suka yi ƙwal-kwabo aka rubuta musu talla a ƙeya da lalle, wanda ke dusashewa cikin mako biyu. A Rasha kuwa, a 2018, Domino's ya yi alkawarin fiza ɗari kowace shekara har shekara ɗari ga duk wanda ya yi tatun tambarinsa. Jama'a suka yi ca, har kamfanin ya rufe ƙofa cikin ƴan kwanaki ya tsaya a kan mutum 350.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga talla da jiki. Kalmar ma daga can ta fito, daga yarinyar da ta ci kwalliya ta ɗora faranti a ka tana kewaya unguwa da murya. Maroƙi da sanƙira sun daɗe suna ba da hayar bakinsu. A zamanin nan an ƙara da atamfa mai hoton ɗan takara, da riguna da hulunan da kamfanoni ke rabawa, da ƴan kokowar da ke shiga fili a gasar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, sanye da sunan wanda ya ɗauki nauyinsu. Duk waɗannan ana sauke su. Farantin yakan koma gindin murhu da magariba, atamfar jam'iyyar da ta faɗi takan zama zanen goyo ko labulen ƙofa, lallen amarya kuma ba ya kai wata. Al'adar ta yarda a ari kai da kafaɗa da murya, amma abin da zai dawwama a fata ta keɓe shi ga dangi. Sannan doka ta zo ta taɓa ko wannan ɗin: a Najeriya, sashe na 24 na dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ya haramta yi wa yaro tsaga ko tatu, da tarar naira 5,000 ko ɗaurin wata guda ko duka biyun.

Akwai wata matsalar da masu sayar da fata ba su hango ba, ita ce gajartar ran kamfani. Da yawa daga cikin shagunan intanet da suka sayi goshi da wuya da damtse a shekarun 2000 sun rufe, suka bar mutane na yawo da adireshin da ba ya kai kowa ko'ina. Wani mutum a Alaska da ya tara irin waɗannan sunaye fiye da goma a fuskarsa ya dawo daga baya yana neman kuɗin da za a goge masa su da na'urar leza, aikin da ya fi yin tatun tsada da ciwo, kuma sai an yi ta komawa. Mazauna Yamai ba sa buƙatar zuwa Alaska don su gane wannan. Allunan da ke bakin hanyar Gaweye sun ɗauki sunan Celtel, aka wayi gari a 2008 ya zama Zain, a 2010 ya zama Airtel, Orange kuma daga baya ta koma Zamani. Kowane karo masu fenti kan zo da tsani da bokiti, cikin kwana biyu su shafe tsohon launi su sa sabo, dattawan Maourey na wucewa ta ƙarƙashin tsanin da tsagarsu biyu zuwa kasuwa.