Katagum ɗin da ba Azare ba

'Yan uwa ɗalibai, musamman ku da kuke karatu a Azare da Gadau: da yawanmu in an ce Katagum, fadar sarki da ke Azare ce take zo mana a rai. Alhali ainihin garin Katagum yana can arewa, tafiyar kimanin kilomita 70, a gaɓar kogin Jama'are. Yau shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki. Sai a 1916, zamanin Turawa, aka dawo da kujerar sarauta Azare.

Idan ka shiga garin za ka ji shi shiru, amma fa bakin daga ne. Malam Ibrahim Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, shi ya kafa shi a kan iyaka da Borno, kuma har Birnin Gazargamu ya taɓa ci kafin rasuwarsa a 1814. Da Clapperton ya iso a farkon 1824, ya tarar da ganuwa biyu da ƙofofi huɗu. Abokin tafiyarsa, Likita Oudney, a Murmur ya mutu, jim kaɗan bayan sun bar garin.

A 1826 Shehu Muhammadu al-Kanemi ya taso da rundunar Borno, dole mutanen Katagum suka watse suka bar garin. Sai a Fake, can nesa ta yamma, Sarkin Bauchi Yakubu da Sarkin Katagum Ɗan Kauwa suka tare shi, ya juya.

Wajen da ba mu cika son taɓawa ba ke nan: ɓangarorin biyu duk Musulmi ne, duk da malamai a gaba. Al-Kanemi ya yi ta rubuto wasiƙu yana tambayar da wace hujja ake yaƙar Borno, Muhammadu Bello yana mayar da amsa, ya kuma adana muhawarar cikin Infaƙul Maisuri. Wallahi ta fi cacar bakin da muke yi a hostel tsakanin ɗan Maiduguri da ɗan Sakkwato nesa ba kusa ba, don su da hujja suke magana.

Bayan Borno kuma sai Buhari na Haɗeja, wanda yaƙe-yaƙensa a shekarun 1850 suka ragargaza ƙasar. Wannan karon ma abin cikin gida ne, masu tuta ɗaya.

In hutun samista ya zo, ku haɗa kuɗin mota ku je da sassafe. Ku fara gaida dattawan garin, ku roƙi a nuna muku inda ganuwar ta bi.